Mita nawa za mu haƙa don kada wannan burtsatsen ma ya mutu?

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Na karanta saƙonka har sau biyu. Ka ce garinku yana yankin Funtuwa, mutanenku za su kai 1,500, an taɓa haƙa muku rijiyar burtsatse biyu cikin shekara shida, ɗaya ta tuƙa-tuƙa ɗaya mai sumo (famfon lantarki da ake zurawa cikin ruwa) da tanki, dukansu sun mutu, yanzu 'yan garin da ke Kano da Abuja sun yi karo-karo za ku haƙa ta uku, kana tambayar mita nawa ya kamata a nutsa don kada wannan ma ta bi 'yan'uwanta.

Toh gaskiya tambayar mita nawa ɗin nan ita ce kusan kowa ke fara yi min, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani a duk tambayoyin. Na shafe shekaru ina tsayawa a kan injin haƙa, rijiyoyin da na ga sun mutu saboda rashin zurfi ba su taka kara sun karya ba. Yawancinsu ruwa na nan a ƙasa yana zaune, abin da aka ɗora a kansu ne ya kashe su, ko kuma ranar da wani abu ya lalace aka rasa wanda zai fitar da kuɗin gyara. Abin nan dai da ake cewa rijiya ta bayar guga ya hana.

Amma bari in fara da ƙasar taku tunda kun damu da zurfi. Funtuwa, Malumfashi, Zariya, Kaduna, kudancin Kano, yawancin Zamfara, duk kuna zaune ne a kan tsohon dutse, irin wanda kake gani ya ɓullo a matsayin duwatsu da fa a bakin hanya. Shi wannan dutsen ba ya riƙe ruwa a jikinsa sam. Ruwan yana waje biyu ne kawai, cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama wanda ya zama kamar tsakuwa da yashi, sai kuma cikin tsagar dutsen da ke ƙarƙashinsa. In injin ya wuce ruɓaɓɓen, ya wuce tsagogin, ya shiga lafiyayyen dutse yana fitar da farar ƙura kamar garin rogo, to daga nan duk mitar da aka ƙara kuɗinku ne ake niƙawa. A irin ƙasarku rijiyoyi da yawa masu kyau tsakanin mita 30 zuwa 60 suke, wani lokaci akan dace da tsaga a can ƙasa, amma wannan aikin safiyo ne, wato binciken ƙasa kafin haƙa, ya nuna, ba ɗan kwangila ya ce muku "a ƙara sanda biyar za a samu" ba. Kuma abin haushin irin wannan ƙasa shi ne za a haƙa a nan a sami ruwa, a matsa taku hamsin a fito da busasshen rami.

Wanda ya ce maka ai a Maiduguri har mita 300 ko 500 ake nutsawa bai yi ƙarya ba, sai dai can wata duniya ce. Tafkin Chadi ya shimfiɗa yashi da yumɓu hawa-hawa, ruwan ƙasa hawa uku ne a can, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Yankin Sakkwato da Kebbi ma ƙasar yashi da yumɓu ce, haka Gwambe da Potiskum inda ruwan yake da nisa sosai. A Barno ma akwai darasi, rijiyoyin da aka haƙa tun wajen shekarun 1960 da kansu suke feso ruwa ba famfo ba inji, aka bar da yawansu a buɗe dare da rana ruwa na malala a daji, yau ga shi ƙarfin ya ja baya, wasu sun daina fesowa. Ruwan ƙasa ma yana da iyaka.

Don haka abu na farko, safiyo. A kawo masanin ruwan ƙasa da na'urarsa ta aika lantarki cikin ƙasa, ya gwada wuri uku ko huɗu ba ɗaya ba, ya zagaya ya leƙa rijiyoyin gargajiya na garin, ya tambayi tsofaffi wacce ce ba ta ƙafewa a bazara. Kuma ku biya shi daban, kada ya zama yaron mai injin haƙa. In mai safiyo da mai haƙa aljihunsu ɗaya ne, duk inda mota za ta iya shiga cikin sauƙi nan ne "ruwa yake". Sannan ku shirya wa rigima tun yanzu, domin inda na'ura za ta nuna da wuya ya zama ƙofar gidan dagaci ko harabar masallacin Juma'a, yawanci can gangare ne wajen fadama. Na sha ganin an ajiye rahoton safiyo gefe an haƙa a ƙofar gidan wanda ya fi ba da kuɗi. In ruwan yana gangare a haƙa a gangare, a ja bututu zuwa tanki a tsakiyar gari, bututu ya fi busasshen rami araha. Filin kuma a rubuta takarda, mai shi ya sa hannu gaban dagaci cewa ya bayar ko ya sayar, saboda bayan ransa magada ba su san wannan zancen ba. Kuma a nisanci salga da sokawe da maƙabarta da turken shanu, aƙalla mita 30, rijiyar ta kasance ta sama da su ba ta gangarensu ba.

Yanzu lissafi, wanda ban ga alamar an yi muku a rijiyoyin baya ba. Tsarin ruwa na ƙasa na shekarar 2000 ya ware wa mutumin karkara lita 30 a rana, amma mu ɗauki 20 ma kawai, ƙasa da jarka ɗaya. Mutum 1,500 sau 20 lita 30,000 ke nan kullum, jarka 1,200 mai cin lita 25. Ban sa shanu ba, kuma saniya ɗaya a bazara tana shan lita 30 zuwa 40 ba ta gode ba. In sola za ku sa, rana mai ƙarfi da za ta juya famfo sosai awa shida ce ko ɗan fiye, kenan kuna buƙatar rijiya mai ba da lita 5,000 a awa. A ƙasar dutse irin taku rijiyar da ke ba da lita 2,000 a awa ma ana yi mata barka. Ka ga kenan tun a takarda rijiya ɗaya ba lallai ta ɗauki garin ba, in aka tilasta mata kuwa ita ce za ta fara gajiya. Famfon tuƙa-tuƙa shi kuma an yi shi ne don mutum 250 zuwa 300. Ku da kuka ɗora masa mutum 1,500 daga asuba har bayan isha'i, yara suna lilo a jikin hannun, ai ya yi ƙoƙari ma da ya kai shekara.

Ranar haƙa kada ku bar wurin. Ku sa mutum biyu masu natsuwa su zauna da littafi, su auna tsawon sandar haƙa ɗaya da tef, su riƙa ƙirga kowace sanda da ta shiga, saboda biyan mita 70 a rami mai mita 45 ba sabon abu ba ne. A riƙa ɗiban ƙasar da ke fitowa ana jerawa a ƙasa tuli-tuli bisa tsari, a nan ake gane inda ruwa ya shigo, kuma daidai nan za a sa sikirin, wato bututun nan mai tsaga-tsaga da ruwa ke shiga ta cikinsa. Ka duba bututun da idonka. Na gaskiya mai kauri ne, yana da zare a baki ana murɗa shi, tsagar sikirin ɗinsa daga masana'anta take siririya daidai wa daida. Abin da wasu ke yi shi ne su sayo siririn bututun magudanar banɗaki su zauna gindin bishiya da zarto suna tsaga shi, su haɗa da gam ko su gasa bakin da wuta. Wannan in ƙasa ta matse shi sai ya lotse ya riƙe sumo a ciki, shikenan an yi asarar rijiya da famfo gaba ɗaya. Araha ba ta ado wallahi.

Tsakuwar da ake zubawa a kewayen bututu ta kogi ce, wankakkiya, mai santsi, ƙanana kamar ƙwayar dawa ko ɗan fi, ba burji ba, ba fasasshen dutsen kwari ba. Ita ce matatar da ke hana yashi shiga. Sai kuma mita biyar ko shida na sama a cike su da kwaɓaɓɓen siminti, wannan shi ne abin da aka fi sacewa don ba wanda ke gani, kuma shi ne ke hana ruwan kwata da na damina bin jikin bututu su gangara cikin ruwan shanku. In ka ji an ce ruwan bohol yana yin ja ko wari da an yi ruwan sama, kusan kullum wannan simintin ne babu. Bayan nan a busa rijiyar da kwampreso har ruwan ya washe, ba minti ashirin a ɗau hoto ba, ka tari ruwan a farin bokiti ka bar shi ya kwanta, in ka ga yashi a gindi a ci gaba da busawa.

Sai babban abin, wanda in za ka manta duk abin da na rubuta kada ka manta shi, gwajin jan ruwa. Ruwan da ke tashi sama lokacin da kwampreso ke busawa, jama'a na kabbara yara na tsalle, ba ya gaya maka komai a kan ƙarfin rijiya. Gwaji shi ne a sa famfo a yi ta ja ba tsayawa, ga rijiyar da za a sa wa sumo aƙalla awa 24, ana auna ruwan da ke fita da kuma yadda ruwan cikin ramin ke sauka, sannan a kashe a auna yadda yake dawowa. Daga nan ne ake sanin abin da rijiyar za ta iya bayarwa, sai a sayi famfon da zai ja kamar kashi biyu cikin uku na wannan, a bar mata sauran na numfashi. In da hali a yi gwajin a Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, don gwajin watan Satumba kowace rijiya jaruma ce.

Akwai wani gari da aka kira ni, sumo ya ƙone musu sau uku cikin shekara ɗaya da rabi, har an fara cewa wurin ne da iska, wasu kuma suna zargin mai kula da janareto. Na zura igiyar awo muka kunna. Minti goma sha takwas ruwa ya sauka har bakin famfon, sai ka ji bututu yana tari, yana tofar da ruwa da iska fut fut, yaron da ke kula da shi ya ce min ai kullum haka yake yi, sai ya ɗan jira ya ci gaba. Shi sumo ruwan da yake ciki ne ke sanyaya shi, kenan kullum yana gasa kansa. Duk lokacin da ya ƙone kuma sai su je kasuwa mai shago ya ce musu ku ɗauki wanda ya fi wancan ƙarfi, suka tashi daga mai doki ɗaya har suka kai mai doki biyu. Muka sa ƙarami wanda bai kai doki ɗaya ba, da na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa, yana ja a hankali tsawon yini. Tankin da bai taɓa cika ba ya fara cika kafin la'asar. Ina kyautata zaton taku mai sumo ɗin ma labarinta bai wuce wannan ba.

Kafin kowa ya sha a kai ruwan ɗakin gwaji. Ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. A duba ƙwayoyin cutar bayan gida, waɗanda bai kamata a sami ko ɗaya ba, a duba sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, a duba ƙarfe, a duba tsami, a duba sinadarin fuloraid wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa miligiram 1.5 a lita. Na ƙarshen nan ba shi da ɗanɗano ba shi da launi. A Tibiri kusa da Maraɗi yara ɗaruruwa ne haƙoransu suka rine ƙasusuwansu suka lanƙwashe saboda ruwan burtsatsen da aka yi shekaru ana sha kafin a gano, a yankin Kaltungo ma an san matsalar. Tsamin ruwa kuma shi zai gaya muku irin bututun da za a zura, in ruwan na da tsami, wato ma'auninsa na pH ya yi ƙasa da 6.5, bututun ƙarfe na famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II tsatsa za ta cinye shi cikin shekara ɗaya ko biyu, ruwa ya riƙa fitowa ja da safe, mata su ce yana ɓata tuwo da farin kaya su koma rafi. A irin wannan ruwan na roba ake sawa ko ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na famfon tuƙa-tuƙa samfurin Afridev, wanda kuma makanikin gari zai iya zaro cikinsa ya canja roba ba tare da an fito da dukkan bututu ba.

Maganar sola ko janareto, tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan gardamar ta ƙare, sola za ku sa. Kada ku yarda a sayar muku da batir, tankinku shi ne batir ɗinku, a yi shi ya ɗauki ruwan yini guda, a sa abin da ke kashe famfo in ya cika. Farantan a ɗaga su sama a walde ƙusoshin, a kewaye, a binne wayar tsawa, kuma a sami mai goge su lokacin hunturu don ƙura kaɗai tana rage ruwa sosai. Illar sola ɗaya ce, da yake ba a sayen mai sai mutane su ɗauka kyauta ce, wani ya ja tiyo zuwa lambunsa, masu bulo su zo da kura, kuma a daina karɓar kuɗi gaba ɗaya. Ranar da akwatin sarrafa wutar ya ƙone sai a tarar asusu ba ko kwabo.

Wanda ya kawo ni kan kuɗi, kuma a nan ne na san za a yi min tsaki. Ku sayar da ruwan. Na san sadaka ce aka yi niyya, na san akwai masu cewa ba a sayar da ruwan Allah, amma ba ruwan ake saya ba, kuɗin famfo ne da albashin mai gadi, da ruwan ciki akan ja na rijiya. A misali ko naira 20 aka sa wa jarka, aka sayar da 500 a rana, 10,000 ke nan, a wata 300,000. A cire na mai kula da famfo, a cire na ƙananan gyare-gyare, sauran a kai banki, don sumo kayan ƙarewa ne ko an kula da shi wata rana sai an canja. Marayu da tsofaffi da masallaci da makaranta a rubuta sunansu a fili su ɗiba kyauta, masu shanu da 'yan garuwa da masu gini a yi musu nasu farashin. Ni na fi son biya a bakin famfo a kan karo-karon wata-wata, saboda na wata yana tafiya daidai ne wata uku na farko, daga nan sai "in an yi girbi". Ku sa mitar ƙirga ruwa a bututun da ke fita daga tanki, ita ce ke sasanta mai karɓar kuɗi da kwamiti, lita nawa ta fita, nawa aka kawo, ba rantsuwa.

Kwamitin kada ya wuce mutum bakwai, kuma a sa mata a ciki da gaske ba don cika takarda ba, su ne suka san ranar da ruwa ya fara raguwa, kuma a inda na zagaya asusun da ke hannun mace ya fi daɗewa. Na taɓa zuwa garin da ma'aji dattijo ne mai mutunci, bai ci ko sisi ba, amma kuɗin na cikin gwangwani a ɗakinsa, wannan ya zo matarsa za ta haihu, wancan zai aurar da 'ya, shi kuma ba ya iya cewa a'a. Da famfo ya tsaya aka buɗe gwangwanin sai takardun bashi. Don haka asusun banki, sa hannun mutum uku, kuma duk wata a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar Juma'a kowa ya ji. Ku kuma 'yan birni kada ku zama ku ne asusun, in gari ya saba da cewa ana bugo waya Abuja a turo, ba wanda zai sake biyan naira ɗaya.

Shi ɗan kwangila a yi takarda da shi. Biya bisa mitar da aka ƙirga, a rubuta wa zai ɗauki asara in ramin ya fito busasshe, a riƙe kashi 10 na kuɗinsa har rijiya ta ga bazara ɗaya, kuma kada a ba shi cikon kuɗi sai ya miƙa takardar rijiya mai nuna zurfi, inda sikirin yake, inda ruwa ya tsaya, sakamakon gwaji da zurfin da aka rataye famfo. Akwai ƙa'idar haƙa rijiya ta ƙasa tun 2010, ku rubuta a takardar cewa da ita za a yi aiki. Ku leƙa ofishin RUWASSA na jiharku, wato hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara, suna da bayanan rijiyoyin yankin kuma sun san makanikai, Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna ma ba ta yi muku nisa ba.

Amma Malam Sakatare, da ni ne ku ba zan kira injin haƙa ba tukuna. Ku fara buɗe matattun nan biyu. A zaro abin da ke ciki, a auna zurfi da inda ruwa yake, a busa su, a yi musu gwajin jan ruwan da ba a yi musu ba tun farko. In bututun bai lotse ba, ta tuƙa-tuƙar wataƙila roba ce da sanduna da sabon bututu kawai take nema, mai sumo ɗin kuma ƙaramin famfo da sola. Kuɗin wannan ba zai kai rabin na sabuwa ba, in ma ɗaya ce ta tashi kun samu, sai ta ukun ta zama ƙari a ɗaya gefen garin maimakon duk jama'a su taru a kan rami ɗaya. In an buɗe ka turo min zurfin kowace, da inda ruwa ya tsaya da safe kafin a ja, da hoton rubutun da ke jikin tsohon sumo ɗin, sai in gaya maka girman famfon da za ku nema.